Ruwan da Bai Kwanta a Tsakar Gida Ba

Zuwa ga ƙanena, Baban Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ciki ɗaya, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da maƙwabtan da Allah ya haɗa ka da su a can. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na injin, ya sa wa guminka albarka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inna tana nan da ƙwarinta, gwiwar ce dai takan motsa in an yi ruwa, amma bakin ƙalau yake, har yanzu ba mai wuce ƙofar ɗakinta bai sha tambaya ba. Maman Likita tana ta fama da aikin gidan burodi, ta fita da sassafe ta dawo da yamma tana ƙamshi, yaran unguwa suna bin ta. 'Yar ƙaramar taka ta zubar da haƙoran gaba, ta daina dariya a gaban baƙi. Maigidana tarin ya sake shi. Auta kuwa yana nan yadda ka bar shi, yana neman aiki da baki, yana cin abinci da hannu. Ni ma ɗinki yana tafiya, idon ne ya fara neman tabarau, amma ban yarda ba tukuna.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin shi ne na san halinka tun kana rarrafe. Ba ka bari mutum ya kai aya, sai ka tari numfashinsa ka ce ka gane, alhali ba ka gane ba. Takarda kuwa ba a katse ta. Saboda haka ka wanke hannunka kada ka shafa mata baƙin mai, ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙasa kafin ka ɗauki waya. Magana ce a kan 'yarka ta fari, kuma ka kwantar da hankalinka, ba abin tsoro ba ne. Ba ta yi laifi ba, ba ta faɗi jarrabawa ba, ba wani saurayi a cikin zancen. Wani abu ne na gani da idona a gidan da aka haife mu, wanda har yau in na tuna sai in ajiye almakashi. Akwai kuma amsar da ake jira daga bakinka kafin zangon karatun nan ya ƙare.

Ka san bana ta shiga ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. Ni da nake zaton sai yaro ya gama ya karɓi sakamako sannan a zauna a ce ina za a tura shi, ashe an bar wannan yayin. Makaranta ta kira iyayen 'yan ajinsu taro, Maman Likita ta ce in raka ta, tunda ba ka nan ni ce uba. Muka je muka zauna a babban ɗakin taronsu a kan kujerun roba, fanka ɗaya tana aiki, ɗaya tana kallonmu. Sai ga wata malama 'yar siririya wadda aikinta ke nan kawai, ba yara shawara a kan abin da za su yi bayan sakandare, shi ya sa suke ce mata Malamar Shawara. Da na ga hannun rigarta, wanda duk telan da ya ɗinka shi bai ji tsoron Allah ba, na ce a raina wannan me za ta gaya mana. To, ƙanena, ta buɗe baki, nawa ya mutu. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, wannan shekarar ce ta shiri, ta baɗi ta jarrabawa ce kawai. Ta ce kowane kwas a jami'a yana da darussan da yake nema, in yaro bai ɗauke su tun yanzu ba, baɗi ko ya fi kowa ƙwaƙwalwa zai tarar da ƙofa a rufe. Ta ce kada gida ya rataya ransa a makaranta ɗaya, a nemi wadda ake buri, da wadda ake sa ran samu, da wadda ko ana ha-maza-ha-mata za a samu. Ta yi maganar tallafin karatu, cewa masu ba da shi da wuri suke rufewa, kuma yawancin yaran da suke rasawa ba rashin ƙoƙari ne ke hana su ba, rashin jin labari ne. Ta ce yaro ya saba da malamansa tun yanzu, don su za su rubuta masa shaida, kuma malami ba ya shaidar wanda bai sani ba. Ta ce a je a ga makarantun da ido, a leƙa ɗakin kwana, a leƙa har banɗaki, a tambayi ɗaliban da ke ciki, kada a tsaya ga hoton da ke jikin takarda. Ni dai ina zaune ina mamakin yadda muka girma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana ko rabin wannan.

Bayan taron kowane gida ya shiga ofishinta shi kaɗai. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur da kujeru huɗu, da hotunan tsofaffin ɗalibanta a bango. Ta dubi yarinyar ta tambaye ta me take so ta karanta. Kafin ta buɗe baki, ni da uwarta muka haɗa baki muka ce likita. Malamar ta yi murmushi, ta ce ta lura ma da sunan muke kiranta, alhali ba shi ne a rajista ba. Nan na gyara zama na ba ta labarin da kowa ya haddace a gidanmu, yadda ka yanke yatsa tana 'yar shekara huɗu, ta ruga ta yago tsumma daga kwandon ɗinkina ta ɗaure maka, ka ɗaga ta sama ka ce ka samu likita. Na ce tun daga ranar sunan ya bi ta, ya bi ka, ya bi uwarta, har mai kantin bakin layi ma gidan Likita yake ce wa gidanmu. Malamar ta duba sakamakonta ta ce makinta ya isa likitanci, ya isa duk abin da ta ga dama. Na fara hura hanci, sai ta ce irin wannan yarinyar ta fi damunta a kan masu faɗuwa. Wai wanda yake faɗuwa, jarrabawa da kanta za ta gaya masa nan ba hanyarsa ba ce, amma mai cin komai yana iya bin hanyar da ba tasa ba har ya yi furfura ba wanda ya sani. Yarinyar dai tana kallon takalminta. Daga nan malamar ta ba da aikin gida, kuma mu ta ba, ba ita ba. Ta ce mu je mu nemo abu uku da yarinyar ta yi da kanta, ba wanda ya sa ta, ba don maki ba, ba don a yaba mata ba, kuma kada mu tambaye ta, da idonmu za mu nemo. Ta ce haka take yi wa kowane gida, kuma a saninta iyaye sun fi 'ya'yansu ƙin yin aikin gida.

Na fito ina ƙunƙuni. Yarinyar da aka haifa a gabana, wadda na san awon kafaɗarta da na ƙugunta ba sai na duba ba, a ce wai in je in nemo ta. Ranar Asabar da rana muka taru a barandar Inna, ita kuwa ta tafi darasin ƙarshen mako a makaranta. Inna ta ce ai karatu, na ce karatu mu muke sa ta. Uwarta ta ce wanke-wanke, sai ta tuna ita ma ita ta raba musu aikin. Auta ya ce yarinyar tana da shiru, Inna ta ce masa shiru ba aiki ba ne, in da aiki ne da shi ma ya gwada. Muka yi dariya. Mun san makinta a kowane darasi, mun san abin da ba ta ci, mun san ranar da ta fara tafiya, amma abu ɗaya tak da take yi don ranta yana so, mu huɗu manya muka kasa kawowa. Wallahi kunya ta kama ni, na ga uwarta ma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Muna cikin haka hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ka san tsakar gidanmu in an yi ruwa. Kai ne kake sakin silifas ɗin Baba a ciki kana ce masa jirgi, shi kuma marigayi yana jera bulo don a samu wurin taka ƙafa zuwa banɗaki. Bisa sabo na miƙe in kwashe takalma, sai na tsaya. Ruwan bai kwanta ba. Yana sauka yana gangarawa cikin wata 'yar magudana da ta bi jikin katanga ta bayan tukwanen shukar Inna, an shimfiɗe ta da fasassun tayil, ta zagaya bayan kicin ta fice ta rariya. Sai a lokacin na tuna duk daminar bana, da ta bara ma, ban taɓa jiƙa bakin zanena a gidan ba. Na juya na ce wa Maman Likita Allah ya saka mata da ta kira mai gyaran famfo ya raba mu da wannan tsohon ciwo. Ta dube ni ta ce ita fa duk zatonta maigidana ne ya turo shi, har tana ta jin nauyin ba ta yi masa godiya ba. Inna ta ce mu duka ba mu san komai ba, Auta ne ya yi, ita da kanta ta ga ɗanyen siminti ta kira shi ta sa masa albarka. Muka juya ga Auta. Ya fara sosa ƙeya, ya ce shi dai an sa masa albarka, kuma bai ga ɗan halak ɗin da zai mayar da albarkar uwa ba. Na ce a kira mai gyaran famfo a waya. Bawan Allah ya ce rabonsa da gidanmu tun kafin ka tafi, har ma yana jin haushinmu a ransa, yana zaton mun sauya shi da wani.

Da ruwan ya tsagaita muka bi gidan ɗaki-ɗaki, mu huɗu a jere, Inna da sandarta a gaba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mu mun san inda yake yoyo, ranar da ya daina ce ba mu sani ba. Famfon kicin da yake ɗiga tun auren Maman Likita, wanda kullum akwai roba a ƙarƙashinsa, ya bushe ƙayau, robar ma an mayar da ita ta wanki. Tankin banɗaki da yake kuka dare da rana ya yi shiru. A bayan gida muka tarar an haɗa indararo da gangunan roba guda uku, an jera su wata ta ɗara wata tsawo, in ta farko ta cika sai ta zuba wa ta biyu, ta biyu ta zuba wa ta uku, daga ta ukun kuma wani siririn tiyo ya bi ƙasa yana ɗiga a gindin kowace tukunyar shuka. Inna da take ta alfahari cewa hannunta ne yake da albarkar shuka bana, ta tsaya ta riƙe haɓa. Ni ɗinki na sani, kuma in na ga aikin hannu ina gane wanda aka yi don a gama da wanda aka yi don ana so. Kowane mahaɗi a tsaftace yake, ba inda aka bar gutsuren roba yana reto. Na durƙusa na shafa tayil ɗin nan da hannuna. Ba wanda ya faɗi sunanta a cikinmu, amma duk mun sani.

A haka ta dawo ta same mu, tsaye cirko-cirko a bayan gida. Ta dube mu, ta dubi gangunan, jakarta ta zame daga kafaɗa, ta fara ba da haƙuri. Ka ji fa, haƙuri take ba mu. Ta ce ba ta taɓa bari ya ci lokacin karatunta ba, sai ta gama aikin makaranta take yi, da rana in Inna ta kwanta, uwarta tana wurin aiki, Auta ya fita. Simintin ragowar wanda aka gyara katanga ne, tayil ɗin kuwa maƙwabta suka zubar. Inna ta tambaye ta yadda aka yi take wuce ƙofarta da kayan aiki ba ta gani ba, ta ce a cikin bokiti take sa su ta rufe da wanki. Na tambaye ta yadda ta san inda ƙasa ta gangara alhali ido ba ya gani, sai ta shiga ta ɗauko wani dogon tiyo wanda ake ganin cikinsa, ta zuba ruwa, ta ba Auta baki ɗaya ta riƙe ɗaya, ta nuna mana yadda ruwan yake tsayawa daidai wa daida a bakin biyu duk inda aka kai su, da shi ta auna gidan kaf. Tana bayani muryarta ta sauya, ta ɗaga kai, hannunta yana ta aiki. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba tun da aka haife ta. Da na tambayi inda ta samu kayan aiki sai ta je ta jawo akwatinka na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ƙanena, ko lokacin da kake nan ban taɓa ganin sifanoninka suna ƙyalli haka ba. Ta goge su, ta shafa musu mai, ta jera su daga babba zuwa ƙarami.

Uwarta ta fara hawaye, ta ce to yatsan Babanta fa da ta ɗaure. Yarinyar ta yi ɗan murmushi ta ce tana tune da ranar sarai. Ta ce ita ba ciwon ta gani ba, jinin ta gani yana ɗiga a kan siminti ɗis ɗis, kuma tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu yana ɗiga ta ƙyale shi. Ta ce a ranar ma, ragowar tsumman, famfon tsakar gida ta je ta ɗaure wa, amma ba wanda ya duba can, kowa yatsan yake kallo. Inna ta yi dariya har ta nemi wurin zama, ta ce ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa mini, ina ta lissafin shekarun da muka yi muna kiran yarinya da sunan da ta amsa don kunya.

Muka koma wurin Malamar Shawara da aikin gidanmu, ni ce ma mai bayani, har ina neman in yanke hukunci a wurin. Sai ta taka mini burki. Ta ce gyaran famfo ba shi ne ya ce lallai yarinya injiniya za ta zama ba, kamar yadda ɗaure yatsa bai ce likita ce ba, kada mu cire mata wata riga mu ƙaƙaba mata wata. Ta ce gani ya kori ji. Akwai jami'ar da take buɗe ƙofa rana guda don 'yan sakandare da iyayensu, a kai ta ta ga ɓangaren likitanci, ta ga na injiniyoyi, mu kuma mu rufe bakinmu mu kalli fuskarta. Uwarta ba ta samu hutu a wurin aiki ba, sai ni na rufe shago muka hau bas da sauran iyaye. Ƙanena, ni da karatuna ya tsaya a inda ka san ya tsaya, ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri ba. Gari ne guda. Ɗakin karatunsu kaɗai bene ne a kan bene, littattafai har rufi, ɗaruruwan yara a zaune amma ko tari ba ka ji, sai da na cire takalmina mai ƙara na riƙe a hannu. Na ga 'yan mata da hular kwano da manyan takalma suna leƙa wani abin awo mai ƙafa uku a tsakiyar fili, ba wanda ya ko juya ya kalle su, wato abin ba baƙo ba ne a can. A ɓangaren likitanci an karɓe mu da mutunci, an nuna mana abubuwan ban mamaki, 'yarka ta saurara da ladabi, ta rubuta abin da aka ce a rubuta, ta yi godiya. Fuskarta irin wadda ka sani ce, ta yarinyar kirki.

Sai aka kai mu wani dogon zaure a ɓangaren injiniyoyi. Tun daga ƙofa muka ji ƙarar ruwa. A ciki akwai wani kwami na gilashi, tsawonsa ya kusa kai ƙarshen zauren, ruwa yana gudu a ciki, yashi a ƙasa, an gina 'yar ƙaramar gada a tsakiya. Wata malama mai takalmin roba ta ɗiga shuɗin launi a ruwan, sai ga shi muna gani ƙiri-ƙiri yadda ruwa yake murɗawa a gindin ƙafar gadar yana kwashe yashi kaɗan-kaɗan. Ta ce haka manyan gadoji suke faɗuwa, ta ƙasa inda ba mai gani, kuma a wannan kwamin suke gwada abu kafin a je a gina shi a kan kogi. Yarinyar nan da ba ta iya tambayar mai kanti canji, sai na ji muryarta tana neman izinin sa hannu. Aka ba ta dutse, ta ajiye a gaban ƙafar gadar. Ruwan ya zagaye dutsen ya ci yashi ta wani gefen. Ta matsar da shi, ya sake ci. Ta ƙara wani, abin ya ma fi lalacewa, 'yar gadar ta karkata. Malamar ta yi dariya ta ce mata sannu da zuwa, su ma abin da suke fama da shi ke nan shekara da shekaru. Na dubi 'yarka ina jiran in ga ta ji kunya, don a sanina ba ta taɓa faɗuwa a komai ba. Wallahi fuskarta haske take yi. An kayar da ita a gaban mutane, kuma ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na wannan lokacin ba. Sauran yara suka wuce zaure na gaba, ita tana nan, hannun rigar da na ɗinka mata ya jiƙe har gwiwar hannu, ita da malamar sun haɗa kai suna magana. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Na samu benci na zauna ina kallonsu ina tasbihi, ina cewa ashe wannan ce take kwana a ɗakin da ke kusa da na Inna.

A bas muna dawowa ta gaya mini sauran. Malamar can ta faɗi abin da Malamar Shawara ta riga ta faɗa, cewa in wannan karatun take so, sai ta ajiye darasin halittu ta ɗauki babban lissafi da zanen injiniya, ga shi kuma sakandarensu ba ta yarda a sauya darasi bayan wannan zangon. In ta ajiye na halittu kuwa, likitanci ya tafi ke nan. Uwarta tana iya sa hannu, makaranta za ta karɓa, amma yarinyar ta ce ba za ta sauya ba sai ta ji daga bakinka. Ta ce in ka ce likita, za ta yi likitan, kuma za ta yi shi da kyau, ba za ka taɓa jin kunya ba. Na yarda da ita, kuma abin da yake ba ni tsoro ke nan. Ta ce ta sha jin ka kana cewa ba ɗanka da zai taɓa baƙin mai, kai ka taɓa ya isa. Ta ce ta san saboda ita kake can kana shan sanyi da kaɗaici, kuma duk ranar da ka kira ka ce a ba ka Likitarka, sai maganar da ta shirya ta koma ciki. Sannan ta juya tana kallon taga ta ce ita tun tana ƙarama ba ta ga aikin da ya burge ta ba kamar ta tsuguna kusa da kai kana kwance abu kana mayarwa ya tashi.

To ka ji. Ni ba umarni nake ba ka ba, ko da yake na goya ka, kuma bayana bai manta ba. Na san abin da sunan nan yake a wurinka. Ina nan lokacin da Baba ya rasu ka ajiye littafi ka shiga gareji don mu ci, kuma ina lura da yadda kake ɓoye hannunka a baya duk hoton da ka aiko. Ba zan kuma yaudare ka da cewa mai gyara ruwan gari ma ai wani irin likita ne ba, ko da yake an faɗi haka a can. Ba likita za ta zama ba in ta bi wannan hanyar, gara ka ji shi a fili. Abin da na sani shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hannun nan da kake ɓoyewa, shi yarinyar ta ɗauko, ta ɓoye nata ita ma a cikin bokitin wanki don kada ranka ya ɓaci. Ku biyu kuna ɓoye wa juna abu ɗaya, ni kuwa na gaji da kallo. Ka yi tunani, ka yi addu'a, ka nemi zaɓin Allah, amma kada ka daɗe, makaranta ba ta jiran jirgin dawowarka. In ka kira ranar hutunka, roƙona ɗaya ne, ka ce a ba ka ita da sunanta na yanka, wanda kai ka zaɓa mata da bakinka. Za ta gane sauran ko ba ka ƙara komai ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka, ta kuma ce albarkar da ta sa wa Auta bisa kuskure ta bar masa, ta sa wa jikarta sabuwa. Maman Likita tana gaishe ka da kyau, ta ce duk abin da ka yanke tana bayanka, amma na ga inda zuciyarta ta karkata. Maigidana yana gaishe ka, haka Kawu da iyalinsa, da Gwaggo ta bayan kasuwa, da 'yar ƙaramar taka mai giɓi. Auta yana gaisuwa, ya ce a gaya maka shi ya riƙe bakin tiyo. Mai gyaran famfo ma ya huce, ya zo ya duba aikin ya daɗe a tsugune, ya ce a gaishe da uban yarinya. Ka gaishe mana da abokin ɗakinka da duk wanda yake kyautata maka a can.

Ita kuma 'yar taka ta fari ta san ina rubuta takardar nan. Na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce in gaishe ka kawai. Har ta kai ƙofa sai ta dawo, ta ce akwai wani ƙarfe a akwatinka mai ƙafa uku da doguwar ƙusa mai zare a tsakiya, duk sauran ta gane amfaninsu, shi kaɗai ya gagare ta. Na ce ai da ta duba a waya da tuni ta sani. Ta ce ta san da haka, ba ta so ne, tun da ka tafi take ajiye da tambayar don kai take so ka gaya mata. Ƙarfen yana nan a kan teburin karatunta, kusa da inda take ajiye waya.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce taka har kullum,
Yayarka.